Wayar da Ba Ta Jin Raɗa

Shekarun baya kaɗan, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Bukkuyum, aka kawo mana malamar Turanci 'yar bautar ƙasa wadda ba ta jin Hausa. Ni kuwa ko da Hausar ma ba a cika jin muryata ba. In ta yi mini tambaya sai in kafa wa takalminta ido, wani baƙi da aka ɗinke gefensa da farin zare, amsa tana bakina ta ƙi fita. Da zango ya yi nisa ta ce za a yi gwajin baki, wadda ta kasa magana ba za ta haye ba.

Yayana mai shagon cajin waya ya ba ni wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ya saka mini manhajar koyon Turanci da ke aiki ko babu sabis. Muryar wata mata ce ke faɗin jimla, ka maimaita, in ka yi daidai ta nuna kore.

Sai dai matar nan ba ta jin raɗa. Nakan laɓe bayan rumbu in yi mata magana a hankali, ta dage sai na sake. Wata rana Inna tana surfen gero ta tsaya da taɓarya a hannu.

"Ke, wa ka maki gardama nan baya?"

"Waya ce, Inna. Wai ba ta ji na."

"To ai gaskiya ta hwaɗi. Ni da na haihe ki ma sai na matso. Taho nan gindin turmi. In ta ji ki ina daka, malamarku ma za ta ji."

Haka muka riƙa yi kullum bayan la'asar, Inna tana daka, ni ina ƙwala Turanci, ƙannena suna kwaikwayona. Har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko faɗa ake.

Ranar gwaji na buɗe baki, sai muryar gindin turmi ta fito. Malama ta ɗan ja baya, aji ya fashe da dariya, ta ɗaga musu hannu ta ce in ci gaba. Na haye.

Har yau kunyata tana nan, amma in aka tambaye ni ina amsawa. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da abin da zan yi wa kuskure ba tare da ya dube ni ba. Inna kuwa ko kalma ɗaya ba ta fahimta ba a duk ihun nan, amma ba ta taɓa cewa ya isa haka ba.