Ranar da Aka Zaunar da Ni a Kujerar Alhaji

Har gobe ban manta da ranar da Madam Rabi ta karɓe tsintsiya daga hannuna ta zaunar da ni a kujerar manya ba. Ku da kuka zo biro ɗin nan, wato ofishinmu, daga baya, ku saurara.

A lokacin muna unguwar Yantala. Ni shara da shayi ne aikina. Madam kuwa, masu ilimi ne ke zuwa wurinta idan za su sauya aiki. Sai ta zauna kamar ita ce mai ɗaukar ma'aikata, ta yi ta yi musu tambayoyi har bakinsu ya saba.

Akwai wani Sanusi, mutumin Maradi, da ya gama lakwal, wato makaranta, ta kasuwanci. Wani babban kamfani ya ɗauke shi, aka ce ya fara farkon wata ko a ba wani. Sanusi ya yi ta jan ƙafa, har ya zo wurin Madam. Ashe Alhajin da yake wa aiki, mai manyan motoci a unguwar Boukoki, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya sa shi lakwal.

Madam ta ce, "Ka rubuta masa takardar barin aiki mana."

Ya ce, "Madam, mutumin da na ci tuwon gidansa zan aika wa takarda? In ban je da ƙafata ya sallame ni ba, aikin nan ba shi da albarka. Na je ƙofarsa, bakina ya ƙi buɗuwa."

Sai Madam ta kira ni. "Inna Hajo, yau ke ce Alhaji. Kada ki tausaya masa."

Na zauna, na haɗe fuska. Sanusi ya tuɓe takalmi, ya durƙusa da kwat ɗinsa.

"Baba, na samu wani aiki."

Na ce, "To, ka ƙoshi ke nan. Yanzu da ƙarfina ya ƙare za ka tafi?"

Wallahi ban san maganar za ta yi nauyi haka ba. Namiji da gemunsa ya fashe da kuka. Na miƙe zan rarrashe shi, Madam ta ce in zauna. Ta ce masa, "Kada ka fara da tafiya. Fara da abin da ya yi maka."

Muka sake, muka kuma sakewa, har shayi ya huce. Da la'asar ya iya kai maganarsa ƙarshe.

Ranar Litinin ya dawo. Na tare shi tun a ƙofa. "Ɗan nan, yaya?"

Ya ce, "Inna, kin fi shi zafi. Da na je, Alhaji ya ce tun watan jiya ya ji labari a gari, yana jira ya ga ko zan zo da kaina. Ya dafa kaina. Ya ce in je, amma ranar Juma'a kwanon tuwona na nan."

A nan na gane sana'ar gidan nan, ƴaƴana. Masu zuwa wurinmu sun san hanyar shiga sabon wuri, karatunsu ya koya musu. Fita daga tsohon ce ke ba su tsoro. In kun ga mutum ya samu aiki yana ta jan ƙafa, kada ku ce rago ne. Ku tambaye shi wa ya bari bai sallama ba.