Oga Manu ya gama gyaran, amma ba mu yi tafiyar ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina tsaye ina ɗumama mota waya ta shigo. Matar Oga Manu ce. Na ɗauka cewa za ta yi sun shirya, in zo. Sai ta ce, "Malam Sani, kashe motar. Maigida ya riga mu."

Ku yi haƙuri da yadda rubutun zai fito.

Duk mai mota a Yawuri ya san garejinsa, ƙarƙashin dalbejiyar nan ta hanyar bakin ruwa. Ni kuwa tun ina da babur muke tare. Shi ya raka ni na sayi tsohuwar motar da nake kai busasshen kifi Kontagora da ita, kuma tun ranar ba wanda ya taɓa buɗe mata bonet sai shi.

Mutum ne mai tsiya. Idan ka fara yi masa bayanin abin da ke damun mota sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yi shiru, ba kai na tambaya ba." Ya dafa bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Direbobi daga Wara da Shanga har waya suke bugo masa, su kara ta a inji ya saurara.

Lokacin da aka kwantar da Inna, mahaifiyata, a asibiti, shi ya kwana biyu yana kai wa yarana abinci. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Tun damina numfashi yake yi masa wuya, ƙafafu sun kumbura. Likita ya ce a kai shi babban asibiti a Birnin Kebbi. Motar haya ba za ta yiwu ba, don ba ya iya zaman matsi, sai a kishingiɗe. Na ce ni zan kai shi. Da ƙyar ya yarda.

To a makon ne motar ta fara wani kuka. Da na murɗa sitiyari sai ka ji wiii, kamar injin niƙa ya ci tsakuwa. Na kai masa ita. Yana zaune kan benci, ko tashi bai yi ba, ya ce in murɗa dama, in murɗa hagu. Ya sa na taɓa bel ɗin inji, ya ce ba shi ba ne. Ya ce in buɗe murfin man sitiyari in faɗa masa abin da na gani. Na ce man ya ragu, kuma ya yi kumfa.

Ya ce, "Iska take sha. Tiyon da ke kai wa famfo mai ya tsage. Famfon lafiya lau yake, amma in ka ci gaba da wahal da shi zai ƙone."

Babu irin tiyon a kasuwarmu, sai an aiko daga Kontagora. Na ce, "Oga, mu riƙe galan ɗin mai, muna tafiya muna ƙarawa. Gobe mu kama hanya."

Ya kalle ni ya ce, "Mi ag gaggawa? In sitiyari ya ƙage maka tsakanin tirela biyu, wa zai riƙa maka yara? Kuma mota ta shigo garejina tana kuka, in shige ta tana kuka? Ban taɓa ba."

Na roƙe shi. Wallahi na roƙe shi har muka yi faɗa. Na ce to a naɗe tiyon da roba kamar yadda kowa ke yi. Ya ce shi ba kowa ba ne.

Jiya da la'asar tiyon ya iso. Hannunsa ba ƙarfi, don haka ni na ɗaura, shi yana daga benci yana zagina. Na ɗaure kilif ɗin da ke matse tiyon, ya ce in ƙara. Muka ɗaga gaban motar da jak, muka zuba jan mai sabo. Ya ce kada in tayar da inji, in dinga juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe har kumfar ta daina tasowa. Ina juyawa, shi yana tari, yana leƙen man.

Da na tayar da ita na murɗa, shiru.

Ya yi murmushi, ya shafa bonet ya ce, "Yanzu ta isa ta ɗauke ni. Gobe da sahe, kada ka makara."

Ban makara ba, Oga.

Ban kashe motar ba kamar yadda matarsa ta ce. Na tafi gidan. Kun san lungunsu, wanda sai ka murɗe sitiyari gaba ɗaya kafin ka shiga. Na murɗe shi har ƙarshe, ko ƙis ban ji ba. A nan na kifa kai a kan sitiyarin, na kasa fita.

Jakarsa tana zaure, an ɗaure ta tun jiya. Har da filon da zai jingina a bayan mota.

Na sani kwana ne ya ƙare. Na sani ko mun tafi tun ranar, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Amma zuciya ba ta jin wa'azi yau. Ya zauna yana jiran tiyo da numfashinsa a wuya, don kada wani abu ya same ni a hanya.

An yi masa sutura kafin azahar. Ya bar mata da 'ya'ya.

Ya Allah, ga bawanka Manu ya zo gare ka. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka riƙa wa iyalinsa. Duk wanda ya karanta wannan, Musulmi ko Kirista, in dai Oga Manu ya taɓa kara kunne a motarka, ko ma bai taɓa ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce.