Mai Zama a Kan Katifa

Moipone Lekhanya maƙwabciyata ce a Sebokeng, shingen waya ne kawai ya raba tsakar gidanmu. An haife ta a wata gona can wajen Heilbron, inda ubanta yake kiwon tumakin mai gonar. Ta zo nan tana budurwa, da tukunyar ƙarfe ɗaya da uwarta ta ba ta. A cikinta ta fara suyar fanke a tashar mota, kuma a cikinta take yi har yau. Gajera ce, ba ta da yawan magana, hannuwanta duk tabon mai.

Seipati daga baya ta zo. Doguwa ce mai murya, tana ɗinka wa matan coci da 'yan makaranta kaya. Ta kama hayar ɗakin baya na gidan Moipone, shi ke nan ba ta sake tashi ba. Unguwa ta ci gaba da ce mata 'yar haya, alhali kowa ya san keken ɗinki ne kaɗai yake kwana a ɗakin nan. Ita ma takan yi wasa da abin. Ntate take kirana, wato Baba. Ta ce mini, Ntate Mosiuoa, duk Sebokeng babu 'yar hayar da ta kai ni daɗewa, ga shi har yau ba a gyara mini rufi ba.

Ba kullum abin yake wasa ba. An yi shekarun da samari suke jifan kwanonsu da duwatsu. Matata ma, marigayiya, ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsu, sai da ta kwanta ciwo ta ga wa yake miƙo mata miya ta saman shinge.

Shekarar da aka yi dokar da ta yarda mace ta auri mace, namiji ya auri namiji, rediyo ba shi da wani zance. Su kuwa ba su yi gaggawa ba. Sai da ciwon sukari ya kai Seipati asibiti, aka tsayar da Moipone a bakin ƙofa aka ce sai dangi. Bayan an sallamo ta, Seipati ta zo bakin shinge ta tambaye ni ko kwat ɗina na coci yana nan, don suna neman shaida. Na gaya mata gaskiya, ni abin nan ban gane shi ba.

Ta ce, "Ba a ce ka gane ba, Ntate. Tsayawa za ka yi ka ce ka gani."

To, na gani kam, shekara da shekaru. Na sa kwat na bi su ofishin gwamnati. Da muka dawo aka ci tuwon masara da kaza. Daga Qwaqwa, garin su Seipati, babu wanda ya zo. A wurinsu, tun da saniyar sadaki ba ta fita daga wani garke ta shiga wani ba, ba a yi aure ba.

Sun ƙara shekaru masu dama tare kafin ciwon ya ci ƙafar Seipati, sannan ya ɗauke ta gaba ɗaya cikin sanyin wata shekara.

Danginta suka iso, gaba-gaba wanta Lebusa da ƙanwar ubansu, tsohuwa tukuf, wadda kowa yake kira Rakgadi. Lebusa ya so ya tafi da gawa Qwaqwa. A gidan ajiye gawa aka gaya masa sai da yardar matar marigayiya, Moipone kuwa ta ce Seipati a Sebokeng ta ce a binne ta. Bai iya yin komai ba. Ya dawo fuskarsa a ɗaure, ya riƙe abin da ya rage a hannunsa, wato tsarin zaman makoki.

Mata sun riga sun kwashe kayan ɗakin kwana, sun sauke katifa ƙasa, sun kunna kyandir kusa da tufafin mamaciya. Wanda aka yi wa babban rashi shi yake zama a kan katifar nan cikin bargo har ranar binnewa, kuma gabansa masu gaisuwa suke durƙusawa. Lebusa ya ce ƙanwarsa ba ta da miji, saboda haka Rakgadi za ta zauna. Ya juya ga Moipone cikin ladabi ya kira ta Ausi, wato 'yar'uwa, ya ce, mun gode da yadda kika kula da ita, ki taimaka wa mata wajen tukwane.

Ta ɗaura gyale ta fita wajen murhu, a cikin gidanta.

'Yata Puseletso ta fusata. Ta same ta tana feraye kabewa ta ce doka tana bayanta, ta sa a fitar da su. Moipone ba ta ajiye wuƙar ba. Ta ce, "Doka ta buɗe mini ƙofar asibiti, ta bar mini gawarta. Na gode mata. Amma ki ce ɗan sanda ya zo ya ɗora ni a kan katifa? Wa zai shigo ya yi mini gaisuwa?" Idan har aka binne Seipati ba ta zauna a wurin nan ba, ba za a sa mata baƙin kayan takaba ba, kuma har ta mutu za a ce ai matar nan ce da 'yar hayarta ta rasu.

Masu gaisuwa suka fara zuwa. Ka shiga, ka zauna, ka tambayi yadda abin ya faru, na kan katifa ya ba ka labari tun daga ranar da ciwo ya tashi. Rakgadi ba ta sa Seipati a ido ba tun kafin auren. Ta ce wa na farko ciwon sukari ne, iyakar abin da ta sani ke nan. Matan coci suka zauna suna jira, don ba a sallamar mutum da haka. Dole ta aika a kira Moipone. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, gari a hannunta, ta faɗi yadda aka yi, ta koma. Wasu suka shigo, aka sake kiranta. Haka aka yi ta yi. Puseletso ta ce mini tsohuwar ta ji labarin wankin gyambon ƙafar Seipati, da yadda Moipone take goyon mace mai tsawon Seipati zuwa banɗaki, har ta haddace.

Ni sai da rana ta yi sanyi a tsakiyar mako na shiga. Na cire hula, na zauna a benci, na yi wa Rakgadi gaisuwa, na yi tambayar da kowa yake yi. Ta aika aka kira Moipone. Ƙafafunta sun kumbura da tsayuwa, ta dafa ƙyaure ta fara. Wannan karon ta faɗi abin da ba ta gaya wa sauran ba, wataƙila don ni ne. Ta ce safiyar ƙarshe Seipati ta nemi shayi, ta kurɓa ta ce wannan ai ruwan wanke-wanke ne. Shekaru Moipone tana hana ta sukari, amma ran nan ta zuba mata rabin cokali. Seipati ta shanye ta ce, sai yau kika zama matar kirki.

Rakgadi ta yi wata 'yar dariya a cikin bargo. Ta ce tun Seipati tana ƙarama take satar sukari, tana zargin tururuwa. Sai ta ɗaga kai.

"Wa ya rufe mata ido?"

"Ni ce, Rakgadi."

"Wa ya ɗaure mata haɓa?"

"Ni ce."

Tsohuwar ta ja jikinta a hankali zuwa gefe, ƙashinta yana ƙara, ta dafa wurin da ta bari. Ta ce, "Cire takalmi, makoti. Na tsufa da ba da labarin da ban gani ba." Makoti sunan da ake kiran matar ɗa ne, kuma ban taɓa jin wani daga Qwaqwa ya kira ta da shi ba.

Wata ta ruga ta gaya wa Lebusa. Ya zo bakin ƙofa, ya rage murya saboda mutane, ya ce, Rakgadi, ko saniya ɗaya ba a ba da ba.

Ta ce, "To je ka nemo saniyar. In ita ta yi jinyar ƙanwarka, ta zo ta zauna."

Ya juya ya fita. Rakgadi ta zare bargon daga kafaɗarta ta lulluɓa wa Moipone har ka.

Nan na ga gaisuwar da na yi ɗazu ba ta kai ga mai ita ba. Gwiwoyina ba su da kirki, amma na sauka daga benci na durƙusa. Na sa mata Mme, kalmar girmama babbar mace, na ce, Mme Moipone, an yi miki rashi, Allah ya ba ki haƙuri. Tun ranar mutuwar ban ga hawayenta ba sai a lokacin. Matan da suke bayana suka matso, kowace ta yi nata. Akwai biyu da suka tashi suka fita.

An binne Seipati ranar Asabar. Lebusa ya koma Qwaqwa bai yi wa Moipone sallama ba, har yau kuma bai kira ta ba. Rakgadi ce ta sa mata baƙin kaya da hannunta, ita ce kuma ta hau motar haya ta dawo, da sandarta, ta cire mata su da lokaci ya yi. Ba ta daɗe ba bayan haka ita ma ta rasu.

Moipone ta koma tasha da tukunyarta. Keken ɗinkin yana nan a ɗakin baya, ta rufe shi da zane. Mutane sun sha tambayarta haya, takan ce ɗakin da mai shi.