Tagar Ɗakin Mama

Mama ba ta taɓa shan sigari ba, amma ciwon daji na huhu ne ya ɗauke ta. Bayan mun binne ta a Fadan Kagoma, yayana malamin kimiyya ya ce wata iska ce, radon, mai fitowa daga dutsen da ke ƙarƙashin gida ta taru a rufaffen ɗaki. Kawu ya ce atafau hayaƙin murhu ne. Suka yi ta musu har tuwo ya huce. Haushi ya ishe ni, na shige ɗakinta. Tagar tana nan toshe da tsumma, yadda takan yi don kada danshi ya ɓata mata busasshiyar citta. Da ƙyar na buɗe ta. Iska ta shigo, babu mai shaƙa.