Bodil, Mai Kwana Da Fargabar Baƙinta

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko iskar teku na neman ɗauke jinkar gari, za ka ga Bodil Thygesen ta turo kekenta ta gaban shagona, wankakkun zannuwan gado a kwandon baya. Ni ina hura wutar bandar kifi, ita tana haura tudun yashi zuwa ƙananan gidajen hutu bakwai da take kula da su. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Masu gidajen suna can birnin Aarhus, sau ɗaya suke leƙowa a shekara. Su ne ke tallar cewa mata da miji su zo gaɓar Jutland su huta, ba hayaniya, ba gaggawa. Ba ƙarya suka yi ba. Abin da ba su faɗa ba shi ne, hutun nan akwai wadda ke ɗauke da fargabarsa a ƙirji.

Bodil ba ta iya kwanciyar hankali ba. Ta jera itace a bakin murhu, ta ajiye baƙin burodi da man shanu, ta fito, sai ta koma ta sake duba bututun hayaƙi. Idan labule ya kai tsakar rana a rufe, sai ta yi ta kewaya gidan kamar tana neman wani abu da ta yar. Preben, mai taraktar da ke jawo jiragen masunta kan yashi, ba ya ganinta bai tsokane ta ba.

"Bodil, mutanen nan amarci suka zo sabuntawa, ki ƙyale musu labulensu!"

"Kai dai ja jirginka, tsohon banza. Ranar da hayaƙi ya shaƙe wani, kai za a tambaya?"

A watan Satumbar bara wasu dattawa suka sauka a gida na huɗu, Ejnar da matarsa Ragnhild, daga Odense. Tun ranar farko Bodil ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Takalman mijin suna can saman kabad, kuma an tokare ƙofa da kujera daga ciki. Idanun matar sun faɗa. Bodil ta gane cutar mantuwa ce ta kama Ejnar, matar kuma tana ɓoyewa. Ta so ta yi magana, ta ji nauyi. Ta ce da ni daga baya, shirun nan shi ne kuskurenta.

Rana ta uku bayan abincin rana, barci ya sace Ragnhild a kan kujera. Da ta farka, ƙofa a buɗe. Ta faɗo shagona ba ko mayafi, ta tarar da Bodil tana sayen kifi.

"Ya fita! Mijina ya fita, ba takalmi! Bai san ko sunansa ba wani lokaci!"

Na leƙa waje. Hazo ya taso daga teku, ya riga ya haɗiye tuddai na farko. Na kira masu ceto, suka ce sai sun yi kusan rabin awa. Preben ya tada tarakta ya nufi arewa, inda kowa ke zuwa yawo. Bodil kuwa ta kama hannuwan matar.

"Dube ni, Ragnhild. Yau da safe maganar me ya yi?"

"Shirme ne kawai. Wai babarsa na bakin ruwa tana jiran jiragen kifi. Ta rasu shekara hamsin ke nan!"

Bodil ta saki kifinta a kan tebur ta fice. Kudu ta yi, wajen tsohuwar matsayar jirage da aka daina amfani da ita tun muna yara. Daga tagar gida na huɗu ana hango turakunta. Wurin ne kuma ruwa ke ja da ƙarfi ta ƙarƙashi, ko gwanin iyo ba ya wasa da shi. Gwiwoyin Bodil sun daɗe da lalacewa, yashi na nutsar mata da ƙafa, ba ta ganin gabanta fiye da taku goma. Ta ce duk hanyar abu ɗaya take ji a ranta: in ta yi kuskuren hanya, ita ta kashe shi.

Ta same shi tsaye cikin ruwa har cinya, yana kallon hazo. Ta san in ta ƙwala masa kira zai firgita ya ƙara gaba. Bodil, haifaffiyar gaɓa da ba ta taɓa koyon iyo ba, ta shiga ruwan nan mai sanyin ƙanƙara da kayanta. Preben da ya juyo, hazo ya ɗan yaye, ya gan su daga kan tudu, ya kashe inji, ya kasa motsi. Ya ce ya ga igiyar ruwa ta buge ta, ta durƙusa, ta miƙe, ta isa ta saƙala hannunta a na tsohon kamar za su shiga coci.

"Ejnar, jirage sun sauka ta can. Zo mu je, kofi na hucewa."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke wace ce?"

"Mai shara ce."

"Mai shara a cikin teku? Ba ki da aikin yi ne?"

"Ina da shi, kai ka hana ni. Taho."

Ya biyo ta.

Da yamma Ragnhild ta haɗa kaya, tana kuka, ta ce ita ta ja, ba ta cancanci hutu ba. Bodil ta zauna a kan akwatin. "Sati biyu kuka zo yi, sati biyu za ku yi. Yaushe rabon ki da barci?" Matar ta ce ta manta. Daga ranar, kullum ƙarfe ɗaya Bodil za ta zo da kwanon dankali, ita da Ejnar su zauna fira har ƙarfe uku, tana ferewa yana jefawa a tukunya, tana amsa masa tambaya ɗaya sau ashirin. Ragnhild kuwa tana ciki tana barci. Masu gidajen har yau ba su san an yi haka ba.

Ke ce, Bodil, kika ɗauki firgici don wasu su kwanta. Ke ce uwar gida na huɗu da sauran shidan. Mun yi shekaru muna miki dariyar yawan damuwa, ashe a inuwarta muke zaune.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ranar Talata mai zuwa za a yi mata aikin gwiwa. An ce wani kamfanin shara zai riƙa zuwa daga birni ranar Asabar kawai. Gidajen za su yi tsaf, na sani. Amma tsakanin Asabar da Asabar akwai kwana shida, da teku, da baƙin da ba su san halinta ba. Abin yana hana ni sukuni.

Mun gode, Bodil. Ku kuma mutanen garin nan, masunta da masu shago, kada mu tsaya a tafi da furanni. Wanda ya ga baƙo ya gaishe shi, ya dubi fuskarsa da kyau, ya tambaya ko da abin da yake buƙata, ko da za a ce ya cika shisshigi.

Jiya na kai mata kifi. Na tarar ta haɗa jakar asibiti, ta zauna ta yi tagumi. Na ce kada ta ji tsoro, likitocin gwanaye ne.

"Wa ke ta gwiwa?" ta ce. "Wasu yara sabbin aure za su sauka a gida na biyu ranar Laraba, kuma an ce iska za ta juya."

Na ce, "Ki kwanta a yi miki aiki. Ni da Preben za mu je."

 Ta jawo takarda, ta fara rubuta mana abin da za mu duba.