Inuwa Mai Zanen Ɗan Ruwa

Inuwa mai fenti ne a bakin tashar Haɗejiya. Shi ke rubuta allunan shaguna, yana zana zakuna da furanni a jikin manyan motoci. Amma an fi saninsa da Ɗan Ruwa, wani jarumi da ya ƙirƙiro a 'yan littattafan zane, wanda ke numfashi a ƙarƙashin ruwa, yana ɗaga kwalekwale da hannu ɗaya ya tsamo mutane daga ambaliya.

Fuskar jarumin ta wansa Shu'ibu ce, masuncin da kogi ya ci a wajen Baturiya, ba a ko ga gawarsa ba. Har wushiryarsa da tsagar kumatunsa Inuwa bai bari ba. Mahaifiyarsu Talatu ba ta iya karatu ba, amma duk sabon da ya fito ita ake fara kai wa. Takan zauna gindin rumbu tana buɗe shafuka, tana yi wa hoton faɗa in ya shiga ruwa mai zurfi.

Abokin Inuwa, Malam Habila, malamin firamare ɗan Filato, shi ke gyara masa rubutu ya kai Kano a buga. A shekarun alif ɗari tara da tamanin littafin ya yi kasuwa, direbobi na ɗibarsa har Kaugama da Birniwa. Da gidajen kallon bidiyo suka cika gari, sai ƙunshin littattafan ya fara dawowa ko igiyarsa ba a kwance ba.

Habila ya ba shi shawara a sake labarin tun daga farko. Ya ce samarin yanzu babur suke so da bindiga, ba masunci mai tsaga ba. Inuwa ya yi ta ƙi har damina ta wuce, sannan ya sakko. Ya goge tsagar, ya toshe wushiryar, ya sa wa jarumin baƙin tabarau, ya mai da shi birni.

Ranar da ya kai wa Talatu sabon, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ɗan waye?"

"Ɗan Ruwa ne, Inna. Gyara shi na yi."

"Ina ka kai mini Shu'ibu?"

Ta miƙo masa littafin ta shige ɗaki. Ya yi mata alkawarin dawo da shi a fitowa ta gaba, amma sabon ma bai sayu ba, mai bugawa kuma ya ce ya haƙura. Inuwa ya zana mata fuskar a kwali. A lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata gani, sai dai ta shafa. A lokacin kaka Talatu ta rasu.

Ragowar littattafan masu kifi banda ne suka kwashe suna naɗe wa masu saye. Inuwa ya koma rubuta allunan gidajen kallo. In zai tafi gida yakan zagaya ta bayan kasuwa, don kada ya bi ta layin 'yan kifi.