Bakwai Mai Ɗamara

Na yi shekaru da alli a hannu, abubuwa da yawa sun shige, amma abin da na yi wa wata yarinya a wata firamare kusa da Illo yana nan tare da ni har gobe.

Shekarun farkon shari'a ne. Na dawo daga wata bita a Bagudo, inda aka koya mana cewa kada malami ya tsara darasi da ka, ya bar makin ɗalibai ya nuna masa hanya. Abin ya burge ni. Na ja layuka a babban littafi, na raba 'yan aji shida gida uku bisa makinsu na lissafi, kowane rukuni da irin darasinsa.

A zangon ne aka kawo yarinyar. 'Yar masunta ce, sun taso daga ƙetaren iyaka, inda ta yi 'yan shekaru a makarantar Faransanci. Dandanci, yaren mutanenta, take ji sosai, Hausarta ta kasuwa ce. Gwajin farko ta faɗi, na biyu ma haka. Inda amsa take ɗaya sai in ga ta rubuta bakwai. Inda amsa take bakwai, sai ta rubuta ta kuma ja mata layi a tsakiya, ni kuwa in ɗauka sokewa ta yi. Na rubuta a gaban sunanta: ba ta san lambobi ba.

Sau ɗaya na kira ta gaban tebur. Ni mutum ne da rediyo ya rena, ina alfahari da tsabtar Hausata. Na ce, "Fayyace mini matakan da kika bi kika cimma wannan sakamako." Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Shirun nan ma na shigar da shi littafi a matsayin hujja. Zango guda ta yi a rukuni na uku tana ƙirga tsakuwa, ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Da hedimasta ya nemi sunayen waɗanda za su zauna jarrabawar shiga sakandare, littafina na buɗe. Sunanta bai fita ba. Mahaifinta ya zo da kansa, ya tsuguna a bakin aji duk da ya girme ni.

"Malam, can ƙetare ɗiyar nan ita ka zuwa ta ɗaya. Mi ya same ta nan?"

Na juya masa littafin, mutumin da bai iya karatun boko ba, na ce, "Baba, alƙaluma ba sa ƙarya."

Ya ce, "To, kai ka sani, Malam. Allah shi kyauta."

Bayan mako biyu, wata malama da muke aiki tare, wadda kakanninta 'yan ƙetaren ne, ta ɗauki takardun yarinyar daga teburina za ta yi fifita. Ta tsaya tana dubawa, sai ta yi dariya.

"Malam, kai da iliminka! Wagga ai ba bakwai ba ce, ɗaya ce, haka 'yan makarantar Faransanci ka yi mata baki kamar ƙugiya. Bakwai ɗinsu kuwa da ɗamara take."

Ban yi dariya ba. Na ɗauki jan biro na sake bin takardun tun daga ta farko. Kusan duk abin da na soke daidai ne. Da na gyara makin, babu wanda ya sha gabanta a ajin.

Na garzaya wurin hedimasta, ya ce sunaye sun riga sun tafi, sai baɗi. Ranar kasuwar Lolo na nemi mahaifin, na same shi a rumfar masu kifi, na gaya masa gaskiya ba tare da na rage komai ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ya mayar da ita wurin gwaggonta a ƙetare. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka tambaye ta da Hausar mutane."

Baɗi ta zo, yarinyar ba ta dawo ba, kuma ban san inda karatunta ya tsaya ba.

Har na yi ritaya ban daina tsara darasi da maki ba, don yana da amfani. Abin da na koya shi ne maki yana nuna inda yaro ya faɗi, ba ya faɗin abin da ya kayar da shi. Tun daga nan, kafin in rubuta hukunci a gaban sunan kowa, sai na miƙa masa alli na ce, "Nuna mini yadda ka yi."